Zakkar Gyaɗa a Limawa

Rumbu biyu ne a gidan Malam Nata'ala na Limawa. Ƙaramin yana bayan madafa, na abin da ya noma da hannunsa ne, kuma bai taɓa cika ba, domin ko mai ƙaunar Malam ba zai rantse cewa ya iya riƙon fartanya ba. Babban kuwa yana dab da zaure, shi ake kira rumbun zakka. Tun da Nasara suka ci ƙasar Kano suka mai da komai harajin kuɗi, jakadan sarki ya daina bin gonaki yana ɗaukar dami ɗaya cikin goma. Masu tsoron Allah na Limawa da ƙauyukan gindin duwatsun nan na Dutse suka ga ai haƙƙin da Allah ya ɗora musu bai faɗi ba don jakada ya daina zuwa. Sai suka koma kawo wa Malam dammunansu da kansu, shi ya raba.

Gida goma sha ɗaya ke ci daga rumbun nan, har da gidan Malam kansa, tunda shi ma talaka ne kuma shi ke ɗawainiyar rabon. Akwai makafi biyu, da wani gurgu mai saƙar tabarma, sauran duk tsofaffi ne da mata masu marayu. Wadda ta fi kowa dogara da shi ita ce Iya Luba, tsohuwar da ta binne mijinta da 'ya'yanta huɗu, ganinta ma ya ja baya. Ita ba ta taɓa zuwa ƙofar Malam da ƙwarya ba. Kowace Juma'a da hantsi matarsa Kubura ce ke auna mata ta kai har ɗaki, tsohuwa ta shafa hatsin da hannu, ta sa albarka, su taɓa hira a rabu. Shekara tara ana haka.

A shekarar da ta biyo bayan isowar jirgin ƙasa Kano, ana cikin bazara, mutane na gyaran gona, Barau ya yi sallama a zauren Malam. Barau shi ne babban manomin Limawa, zakkarsa kaɗai kan cika kashi ɗaya cikin uku na rumbun. Kuma taubashin Malam ne, ɗan ƙanwar mahaifinsa, don haka duk abin da ya zo bakinsa faɗa yake yi, ba a riƙe shi da shi.

"Malam sarkin masu cin gumin wasu, an tashi lafiya?" in ji Barau, ya zauna tun ba a ce ya zauna ba.

"Lafiya lau, bawan gidanmu. Me ya rabo ka da gona da farar safiya?"

Barau ya ce tambaya ya zo da ita. Ya je Kano da rani, ya ga abin da ya gani. Turawan kanti suna sayen gyaɗa kamar ba su san darajar kuɗi ba. Abin da jaki ɗaya zai ɗauko ya isa mutum ya sallami masu haraji, ya yi wa iyali tufafi, har ya ga saura. Don haka bana zai raba gonarsa, mafi yawa gyaɗa, gero da dawa daidai cin gida.

"To abin da nake so in sani, gyaɗa tana da zakka ko ba ta da ita?"

Ba a taɓa yi wa Malam wannan tambaya ba. A da gyaɗa kayan mata ce, 'yar kaɗan ake zubawa a gefen gona don mai da ƙuli-ƙuli, ba wanda ya taɓa tara ta har ta kai nisabi, wato adadin da in amfanin gona ya kai shi zakka ke wajaba. Ya ce a ba shi kwana uku ya duba.

Barau ya miƙe yana karkaɗe riga. Da ya kai bakin ƙofa sai ya waiwayo ya nuna babban rumbu da haɓa, yana dariya. "Ka duba da kyau dai, taubashi. Kada wancan ya taya ka karatun."

Wasa ne, kuma Barau bai kai gona ba ya manta ya faɗa. Amma Malam Nata'ala irin mutanen nan ne da ake yi wa wasa su tafi da shi gida su yi ta juyawa. Duk rayuwarsa abu ɗaya yake taƙama da shi a ɓoye: ba wanda ya taɓa cewa ya karkata hukunci don cikinsa. Malamai nawa ya gani an raina su a kan loma? Maganar ta tsaya masa a rai kamar ƙayar kifi a maƙogwaro.

Ya sauko da gafakar da ya gada wurin mahaifinsa, ya warware littattafan fiƙihu. Sunayen abubuwan zakka suna nan a jere: alkama, shinkafa, gero, dawa, dangin wake, riɗi, dabino, da wasu da bai taɓa gani da idonsa ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har sau uku, babu gyaɗa. Ya kuma san abin da malami kan yi in bai ga suna ba, ya duba abin da sabon abu ya yi kama da shi. Gyaɗa a kwanso take kamar wake, ana matse mai a jikinta kamar riɗi, ana ajiye ta ta shekara. Duk ya ga wannan. Amma duk lokacin da hankalinsa ya kama hanyar nan, sai ya ɗaga kai ya hangi rumbu ta ƙofar zaure, ya tambayi kansa: ilimi ne ke magana, ko yunwa?

Rana ta uku Kubura ta kawo masa fura, ta tarar da shi ya zuba wa takardu ido. Mace ce mai magana kai tsaye, ta kuwa ji duk abin da ake ciki ta bayan zana.

"Malam, ni ban yi karatu ba. Amma abin da mutum ya shuka, ƙasar Allah ta fitar masa, ya tara fal ɗaki, a ce babu rabon miskini a ciki? Hankali ma bai ɗauka ba."

"Ba da hankalin kowa ake yin hukunci ba."

"To da me ake yi?"

"In na ce akwai, wa zai ci? Mu ne. Gobe a ce Nata'ala ya ƙago zakka ya cika rumbunsa."

"A ce mana. Mu kaɗai ke ci a ciki?"

Ya ce ta tafi ta ba shi wuri. Ta ɗauki faifanta ta fita, yadda ta saki labulen ma ya isa jawabi.

Bayan la'asar, a ƙofar masallaci, gaban mutum kusan ashirin, ya ba Barau amsa. Ya zaɓi kalmominsa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. "Na duba abin da ke hannuna, ban ga sunan gyaɗa a cikin abubuwan da aka ambata ba. Ba zan ɗora wa Musulmi abin da ban gani a rubuce ba. Wanda ya ga dama ya yi sadaka, Allah ya ba shi lada."

Ya koma gida ransa wasai. A ganinsa bai ce akwai ba, bai ce babu ba, kuma ba mai iya nuna shi da yatsa. Abin da ya manta shi ne, magana ba ta tafiya da duk kayanta. Kafin ta isa kasuwa ta zubar da "abin da ke hannuna", ta zubar da "ban gani ba", ta rage guntuwa mai daɗin ɗauka: Malam ya ce gyaɗa ba ta da zakka. Har yabonsa aka riƙa yi, ana cewa ga malami na Allah, ya yanke hukuncin da zai rage masa tuwo. Yabon ya yi masa daɗi, ba sai an ɓoye ba.

Waɗanda ke ɗari-ɗari da sabon noman sai suka saki jiki. Ga kuɗi, ga shi ba a cire ɗaya cikin goma. Da ruwan shuka ya sauka, gonakin da tun kakanni ba a san su da komai ba sai gero da dawa suka koma gyaɗa rabi da rabi, wasu ma fiye.

Daminar ba ta yi kyau ba. Ruwa ya yi jinkiri, ya zo ya yi wasa da mutane, ya ɗauke tun dawa ba ta gama cika ido ba. Gyaɗa ta ɗan jure a jigawa, hatsi kuwa ya sha wuya. Nan ne wani abu ya fito wanda Malam bai hango ba, ko da yake a littafinsa yake. Ba a haɗa hatsi da wani iri don a cika nisabi. Mutumin da a da geronsa ke wuce nisabi da ɗan rata, bana ya ba gyaɗa rabin gona, fari ya ci wani abu a sauran, sai ga shi a ƙasa da nisabi. Babu zakka a geronsa tunda bai kai ba, babu a gyaɗarsa tunda Malam ya faɗa. Ba wanda ya yi ha'inci. Kowa ya zo ya gaishe da Malam da zuciya ɗaya, ya faɗi abin da ya samu, Malam da bakinsa ya ce masa, "Ba ta hau kanka ba."

Da aka gama kaka, Kubura ta sa tsani ta leƙa babban rumbu. Ta sauko ta ce ko kashi ɗaya cikin huɗu bai kai ba. In aka ci gaba da awo yadda aka saba, ba za a ga tsakiyar rani ba. A lokacin kuwa kowane gida ka shiga a Limawa ƙarar ɓarar gyaɗa kake ji, an tara ta tsibi-tsibi a tsakar gida.

Malam ya kwana biyu yana kai da kawowa. Shin ya tashi a masallaci ya ce ya sake dubawa, gyaɗa tana da zakka? Yanzu ne ma za a ce yunwa ta buɗe masa littafi. Sai ya yanke shawarar da yake gani ta fi tsabta: zai tafi Kano wurin malaminsa, Malam Mika'ilu, ya karɓo hukunci a rubuce daga bakin wanda ba ya ci a rumbun. Ya ce wa Kubura kafin ya dawo ta riƙa ba kowa rabin abin da ya saba samu, gidansu ma haka.

"In Iya Luba ta tambaye ni fa?"

"Ki ce na yi tafiya a kan maganar."

"Ba za ta tambaya ba ma," in ji Kubura.

Ba a bin hanyar Kano mutum ɗaya, sai a ayari. Ayarin da ya samu kuwa na Barau ne, jaki talatin da 'yan kai, ɗauke da gyaɗar Limawa kusan duka, domin maƙwabta sun haɗa masa tasu ya sayar musu. Haka Malam ya yi kwana huɗu yana tafe a bayan jakuna, ta Gaya, suka haye kogi a Wudil, yana kallon taikunan gyaɗar nan suna rangaji a gabansa. Barau na ta zolayarsa a hanya, wai malami ya shiga fatauci ba jari. Malam bai gaya masa abin da zai kai shi ba, ya ce ziyara ce.

Ya tarar da Malam Mika'ilu ya tsufa ƙwarai, yana zaune kan buzu a zaurensa cikin birni, ɗalibai manya sun kewaye shi. Sai da aka tashi karatun hantsi sannan Nata'ala ya matso ya durƙusa, ya kwashe labari duka ya faɗa. Tsohon ya saurara idonsa a lumshe.

"Waɗanda suka rubuta littattafan nan sun taɓa ganin gyaɗa?"

"Allah ya gafarta Malam, ba na tsammani."

"To yaya za su rubuta sunanta? Ana cinta a ƙoshi?"

"Ana ci."

"Tana ajiyuwa? Ana matse mai?"

"Tana ajiyuwa, ana matsewa."

"Ni abin da nake gaya wa masu tambayata, su fitar. Wasu malaman suna da wata magana, amma ni nan na tsaya. Kuma wannan hanyar a nan zauren ka koye ta, kana zaune can wajen ginshiƙi. Ka manta ne?"

"Ban manta ba."

"To me ya sa ka taka kwana huɗu?"

Nata'ala ya sunkuyar da kai. Ya ce ya ji tsoro ne a ce ya yi don kansa, tunda yana ci a ciki.

Malam Mika'ilu ya buɗe ido ya dube shi. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. "Gida nawa ka ce suna ci?"

"Goma sha ɗaya."

"Da sai ka cire naka gidan, ka faɗi gaskiya saboda goman." Ya jawo tawada da alƙalami ya rubuta layi huɗu, ya miƙa masa. "Ungo. Amma ka san ba takarda ce ta hana ka magana ba."

Wannan dabara, ta ya cire hannunsa daga rumbun ya yi hukunci, ba ta taɓa faɗo wa Nata'ala ba, wata bakwai yana ta tunani. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaro.

Ya fita bayan ganuwa neman Barau, wajen kantunan da ke kusa da tashar jirgi. Bai taɓa ganin taro irin wannan ba: jakuna, raƙuma, 'yan baranda suna jan mutane da riga, buhuna jibge sun fi tsayin ɗaki. Ya sami Barau a inuwar wani bango yana naɗe taikuna, duk babu komai a ciki. Tun jiya aka auna gyaɗar, ta shige cikin ta sauran jama'a, ko mai ita ba zai gane ta ba.

Malam ya karanta masa takardar. Barau ya daina dariya, abin da ba a cika gani ba.

"Haba Malam. Kwana huɗu muna tafe tare, kayan nan suna gabanka. Da ka ce uffan, wallahi a Limawa zan sauke ɗaya cikin goma kafin mu taso."

"Kai ka ce kada rumbu ya taya ni karatu."

"Ni?" Barau ya yi ta tunani, bai tuna ba. "In ma na faɗa, yaushe ka fara ɗaukar maganar taubashi?"

Kuɗin mutane amana ne, Barau ba shi da ikon taɓawa, kuma kowa ya riga ya san ramin da nasa zai toshe. Amma daga rabonsa ya shiga kasuwa ya sayi dawa. Ta yi tsadar da suka riƙe baki, domin ba Limawa kaɗai ta yi wannan lissafin ba, kowa ya kawo gyaɗa yana neman hatsi. Abin da ya samu kayan jaki biyu ne. Ya ce sauran mutane kuma Malam ya karanta musu takarda, mai hali ya kawo abin da ya iya.

A hanyar dawowa Malam ya tsara komai a ransa. Ranar Juma'a zai miƙe a masallaci ya ce shi ya yi kuskure, ba littafi ba. Zai ce daga yau gidansa ya fita daga rumbun. Dawar nan kuwa, kafin a kai ta gida, zai tsaya da kansa ya auna wa Iya Luba cikakken rabonta, har da na makon da aka rage mata.

Sun shigo Limawa da azahar, kwana goma sha ɗaya da fitarsu. Ya ja jaki ɗaya ya nufi lungunta. Ya tarar an jingina asabari a ƙofar ɗakin, an tokare da dutse. Ya yi sallama sau biyu. Maƙwabciyarta Mu'minatu ce ta fito, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Ai Iya ta tafi, Malam. Yau kwana biyar."

"Ta tafi ina?"

Mu'minatu ta ce wasu mutanen arewa ne suka wuce da iyalansu, za su kudu neman abinci, sai ta bi su. Iya ta ce tana da ɗiyar ƙanwa wajen Birnin Kudu, ko da yake rabonta da jin labarinta an fi shekara goma. Wata mata a cikinsu ta riƙe mata sanda. Maƙwabta sun hana ta, Kubura ma ta zo har da kuka, ta ƙi.

"Ranar Juma'ar nan da aka kawo mata hatsi, ta shafa ta ji rabi ne. Da Kubura ta fita sai ta ce mini, rumbun Malam ya yi ƙasa, kuma Malam mutum ne mai kunya, ranar da zai ce mata babu sai ta fi yi masa ciwo a kan ita. Gara ta rage masa baki ɗaya."

Malam ya tsaya riƙe da igiyar jaki. Ya tambaya ko ta bar wani saƙo.

"Ta bari. Ta ce a gaishe ka, a ce kada ka sa komai a ranka. Ta san da a rubuce yake da ka faɗa, kai ba ka ɓoye gaskiya."

Takardar tana cikin aljihun rigarsa, yana jin kaifin naɗinta a ƙirji. Ya tambayi Mu'minatu ta wace hanya suka bi, ta nuna masa da hannu. Ya juya kan jakin da kayansa, bai shiga gida ba, ya ce ta aika a gaya wa Kubura ya dawo amma ya bi bayan Iya. Mu'minatu ta ce ai kwana biyar ne, Malam, kuma ba wanda ya san ko ta kai. Ya ce ya ji.